Kafin a ɗora wa mai injin buga hoto laifi, a duba alfa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu saboda wata matsala da ke cin kuɗi da lokacin matasanmu masu aikin zane da kwamfuta a nan Kaduna. Masu zanen gine-gine suna cikinsu, haka masu fastoci da kalandar biki, da masu bugun riguna, da masu tace fim. Mutum zai gina abu a Blender ko SketchUp ko 3ds Max, ya kwana yana renda, wato kwamfuta tana fitar da hoton ƙarshe na abin da ya gina, ya kai hoton Photoshop ko CorelDRAW domin ya ɗora shi a kan wani bango, sai ga baƙin zare ya zagaye gefen ginin. Wani kuma farin akwati ne zai biyo tambarinsa. Wani gilashin tagarsa ya koma baƙin allo, wani hasken fitilarsa ya ɓace ɗungum. Abin da za ka ji a shagunan buga takardu daga Tudun Wada zuwa titin Ahmadu Bello bai wuce "injin ne" ko "fayil ɗin ya lalace" ba. Sai a sake buga fleks, a sake biyan kuɗi, a sake samun abu guda. Injin kuwa abin da aka ba shi ya buga. Kusan duk waɗannan alamu tushensu ɗaya ne, wato yadda aka sarrafa alfa tsakanin manhajar da ta yi renda da wadda ta karɓi hoton.

Hoton kwamfuta ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kowane fiksel yana ɗauke da lambobi uku, na ja da na kore da na shuɗi, kuma a hoto mai bit 8, wato zurfin launi na yau da kullum, kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Alfa shi ne lamba ta huɗu. Ba launi ba ne, aikinsa ya faɗi yawan wurin da abin ya rufe a cikin wannan fiksel ɗin. Idan 255 ne ya rufe gaba ɗaya, ba a ganin abin da ke baya. Idan 0 ne wurin wayam yake. Idan 128 ne rabi na abin, rabi na bango. Alvy Ray Smith da Ed Catmull ne suka fito da wannan dabara a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, sannan a 1984 Thomas Porter da Tom Duff suka shimfiɗa lissafin haɗa hoto a kan hoto wanda manhajoji ke bi har yau. Tsakiyar abu ba ta cika kawo rigima ba, don alfanta 255 ne. Rigimar tana gefe, inda lambobin ke sauka a hankali domin kada bakin abin ya yi zarto, da kuma wurin gilashi, hayaƙi, inuwa da haske.

Bari in fara kawar da masu sauƙi. JPEG ba ya ɗaukar alfa ko kaɗan, duk wanda ya ajiye aikinsa a JPEG ya zubar da shi, kuma sauya sunan fayil zuwa PNG daga baya ba ya dawo da komai. WhatsApp yana matse duk abin da aka tura a matsayin hoto ya mayar da shi JPEG, saboda haka tambari ko renda mai alfa a tura shi a matsayin takarda, ta inda aka rubuta Document. Akwai kuma hotunan intanet da aka zana musu akwatunan nan fari da ruwan toka a jikinsu, suna kama da marasa bango alhali akwatunan na cikin hoton ne. Gane su ba wuya: a zuƙo hoton, idan akwatunan suka girma tare da shi, na jabu ne. A Blender wurare biyu ake taɓawa, ba ɗaya ba. A Render Properties, ƙarƙashin Film, a kunna Transparent. Sannan a Output Properties a zaɓi PNG a kuma danna RGBA maimakon RGB. Wanda ya yi na farko ya manta na biyu zai ga wayam a allon Blender, ya buɗe fayil ya tarar da baƙin bango. A SketchUp, wajen fitar da hoto a PNG, a shiga Options a kunna Transparent Background. A GIMP, idan magogi yana shafa launi maimakon ya huda, leyar, wato shimfiɗar hoton da ake aiki a kanta, ba ta da alfa ne, a je Layer, Transparency, Add Alpha Channel. Kuma kada a yanke hukunci da abin da manhajar kallon hoto ta waya ta nuna. Wasu suna cike wurin wayam da baƙi, wasu da fari, fayil ɗin kuwa lafiyarsa lau.

Babbar maganar ita ce baƙin zoben gefe, kuma ita ce na fi so masu koyarwa su tsaya a kanta. Hanyoyi biyu ne ake ajiye launi tare da alfa. A ta farko launin yana nan yadda yake, ba a taɓa shi ba, alfa na gefe guda yana jiran manhajar da za ta haɗa hoton ta ninka su. Wannan shi ne alfa tsantsa, a manhaja za a ga an rubuta Straight. A ta biyu an riga an ninka launin da alfa tun kafin a ajiye. Wannan shi ne alfa ninkakke, wanda ake rubutawa Premultiplied. Injinan renda da ninkakke suke aiki a cikinsu, domin fiksel ɗin da abu ya rufe rabinsa rabin haske yake tarawa, sauran rabin kuma baƙi ne tunda babu komai a wurin.

A ɗauki farin gini da za a ɗora kan farar takarda. Fiksel na gefe ginin ya rufe rabinsa, alfansa 128. A tsantsa launinsa 255 ne. A ninkakke launinsa 128 ne, don an riga an raba. Haɗi na daidai shi ne a ɗauki 128 na ginin a ƙara 127 na takarda, a samu 255, fari tas, babu zobe. To amma idan fayil ɗin ninkakke ne manhaja kuma ta ɗauka tsantsa ne, za ta sake ninka 128 ɗin da rabi ya koma 64, ta ƙara 127, a samu 191. Fari a kan fari, sai ga ruwan toka a tsakaninsu. Wannan shi ne baƙin zaren da ke bin gefen gini da ganye da gashi. Kamar ruwan wanka ne da aka riga aka sirka, wani ya zo bai sa hannu ya ji ba ya sake sirkawa. Idan kuskuren ya juya, wato fayil tsantsa ne aka ɗauke shi ninkakke, ba a ninka ko sau ɗaya ba ke nan. A kan baƙin bango inda ya kamata a samu 128 sai a samu 255, gefen ya yi kauri, ya yi haske, ya fito da haƙora kamar ba a lallashe shi ba. Don haka launin zoben ma yana faɗin inda aka kauce: zobe mai duhu an ninka sau biyu, zobe mai haske da tsini ba a ninka ba.

Sanin wane fayil ne ke ɗauke da wane iri yana rage rabin wahalar. Ƙa'idar PNG, wadda aka tabbatar a 1996, tsantsa kawai ta yarda da shi, shi ya sa Blender ke raba launin da alfa da kansa kafin ya rubuta PNG. OpenEXR, wato EXR a taƙaice, wanda kamfanin Industrial Light & Magic ya saki ga jama'a a 2003, a al'adarsa ninkakke ne. TIFF yana iya ɗaukar kowanne daga ciki. TGA ma haka, a 3ds Max akwai ɗan akwati a wajen ajiye shi da aka rubuta Pre-Multiplied Alpha. A TIFF da TGA ɗin nan ne aka fi faɗawa rami, domin sau da yawa Photoshop yana buɗe su da baƙin bango ya ajiye alfa a shafin Channels, sai mai aiki ya zaci babu alfa, ya ɗauki Magic Wand ya fara yanke baƙin da hannu. Wannan ɓarna ce tsagwaronta, injin renda ya riga ya ba ka yanka mafi kyau da za a iya samu. Abin yi shi ne a riƙe Ctrl a danna ƙaramin hoton alfa a shafin Channels, a koma kan leya a danna Ctrl da J domin abin ya fita a sabuwar leya marar bango, sannan a je Layer, Matting, Remove Black Matte. Wannan umarnin rabawa yake yi, yana warware ninkin da aka yi da baƙi, launin gefe ya dawo yadda yake. Idan a kan fari aka yi rendar, Remove White Matte ake zaɓa. Defringe da ke kusa da su wani abu ne daban, yana kwafo launin maƙwabta ne ya shafe gefen da shi. A kan bangon gini ba laifi idan an tsaya a fiksel 1, a kan ganye da wayar lantarki da gashi kuwa yana dagula su. Ni dai ban ga dalilin fara kai hannu gare shi ba sai sauran sun gaza.

A After Effects gyaran bai kai minti ɗaya ba. A danna fayil da hannun dama, Interpret Footage, Main, a zaɓi Straight ko Premultiplied, kuma idan ninkakke ne a tabbatar launin da ke gefensa baƙi ne, in dai a kan baƙi aka yi rendar. Akwai maɓallin Guess, yana cinka daidai sau da yawa, amma ido ne alƙali. A ɗakin haɗa hoto na Blender kuma, abin da ya fito daga renda ninkakke ne tun asali, don haka kunna saitin sake ninkawa, wanda a tsofaffin fitowa ake kira Convert Premultiplied, a kan Alpha Over mai ɗora hoto a kan hoto, ba tare da dalili ba, shi ne ke jawo zoben, ba ya maganinsa.

Akwai zobe na uku da bai shiga lissafin nan ba, kuma masu zanen gine-gine ne suka fi haɗuwa da shi. An yi renda da shuɗin sararin sama a bayan gini, sannan aka yi amfani da alfa, ko hoton alfan sama da manhajar renda ta Lumion ke fitarwa daban, aka yanke saman domin a sa wani. Fiksel ɗin gefe sun riga sun sha shuɗi. Idan sabon bangon hoton fili ne da aka ɗauka a Kaduna lokacin hunturu, sama fari-fari da hazo, ƙasa ja, sai ginin ya fito da shuɗin zare ta ko'ina, bishiyoyi kuwa abin ya fi muni. Remove Black Matte ba zai yi komai a nan ba, don ba baƙi ne ya gauraya ba. Maganin gaskiya shi ne a sake renda a kan wayam, ko kuma tun farko a sa hoton filin na ainihi a bayan ginin a cikin manhajar renda, gefen ya sha launin da zai zauna a kai. Idan babu lokacin sake renda, a kulle wayam na leyar da Lock Transparent Pixels, a ɗauki burushi mai laushi a yanayin Color a bi gefen da launin ginin. Yana rufa asiri a fasta, amma a allon gabatarwa da za a tsaya a gabansa ana kallo, mai ido zai gani. Kuma a tuna hasken da ya sauka a jikin ginin shi ma na shuɗin sama ne, gyaran gefe kaɗai ba zai sa ya zauna cikin hazo ba sai an gyara launin jikin.

Gyaran launi shi ma yana da nasa jeri. Ƙara haske ko sauya launi a kan tsantsa ake yi, domin idan aka ɗaga duhun hoto ninkakke, baƙin da ke wurin wayam shi ma zai ɗagu, sai wani hazo ya lulluɓe bango gaba ɗaya. Ƙara girma, rage girma, juyawa da dusarwa kuwa a kan ninkakke ake yi, domin a fayil tsantsa akwai launi ɓoye a ƙarƙashin alfa 0, kuma manhajar da ba ta kula ba za ta janyo shi cikin gefe yayin da take gauraya fiksel da maƙwabcinsa. Wannan ne ya sa tambari yake fes a girmansa, a rage shi a wata manhajar sai fari ko baƙi ya ɓullo a baki. Photoshop yana kula da wannan da kansa. A Fusion na DaVinci Resolve ko Nuke ko Blender kuwa mai aiki ne ke da alhakin jerin: a raba, a gyara launi, a sake ninkawa. Sannan rabawa a bit 8 tana da iyaka. Fiksel ninkakke mai alfa 5 launinsa ba zai wuce tsakanin 0 da 5 ba, matakai shida ke nan kacal, idan aka raba aka miƙe su zuwa 255 sai gefen hayaƙi ya fito da ɗigo-ɗigon launuka marasa kan gado. Duk hoton da za a yi wa gyara mai yawa a fitar da shi a bit 16, PNG ko EXR. Nauyin fayil zai ninka, amma ya fi sake renda araha.

Wani ɗan bambanci da ke rikita masu lura: gefen ya fi laushi a cikin manhajar renda, a Photoshop kuma siraran abubuwa masu haske a kan duhu sai su ƙara sirancewa. Injin renda yana gauraya haske ne a ma'auninsa na zahiri, inda rabin fari da rabin baƙi ke fitowa wajen 188 a allo. Photoshop a bit 8 da 16 lambobin allo yake gaurayawa kai tsaye, ya ba da 128. A Color Settings akwai Blend RGB Colors Using Gamma, idan aka kunna aka sa 1.00 zai matso kusa da na renda. A dai sani saitin ya shafi duk fayilolin da aka buɗe a kwamfutar, kuma ba ya bin fayil zuwa kwamfutar wani, saboda haka a haɗe leyoyi kafin a miƙa.

Gilashi da haske su ne inda alfa ke nuna gazawarsa, kuma gara a san iyakar da a yi ta faɗa da ita. A Cycles, injin renda na Blender, ko an kunna Transparent, gilashi yana fitowa da alfa cikakke, sai an ƙara kunna Transparent Glass da ke ƙasansa. A injin renda na V-Ray, a cikin saitin gilashin wajen Refraction akwai Affect channels, a ɗauke shi daga launi kaɗai a mayar Color+alpha. Da an yi haka sabon bango zai leƙo ta taga. Sai dai gilashin ba zai lanƙwasa shi ba, tunda injin bai san da shi ba lokacin renda. A tagar gida ba wanda zai lura. A kwalbar turare ko kofin gilashi na talla kuwa ƙaryar a fili take, don kwalba ta gaske tana murɗe abin da ke bayanta. Irin wannan a sa bangon a cikin manhajar renda, a huta.

Haske kuma ba ya rufe komai, ƙari yake yi a kan abin da ke baya. Harshen wuta, ƙyallin fitilar titi, hasken da ke zagaye harafin talla, duk fiksel ne masu launi amma alfansu 0 ko kusa da haka. A ninkakke wannan ba matsala ba ne, ana ɗaukar launin a ƙara a kan bango cikakke. A tsantsa kuwa launi sau 0 ya zama 0. Shi ya sa mutum zai ga ƙyalli a allon renda, ya ajiye PNG, ƙyallin ya tafi ko ya koma wani dusasshen tabo. Babu saitin PNG da zai gyara wannan, tsarin fayil ɗin ne ba zai iya ɗauka ba. Ko dai a ajiye EXR a haɗa a manhajar da ta san ninkakke, a After Effects ma akwai yanayin Luminescent Premul domin haka, ko kuma a yi rendar hasken shi kaɗai a kan baƙi, a ɗora shi a Photoshop a matsayin leya daban a yanayin Screen ko Linear Dodge. Hanya ta biyun ta fi sauƙi ga mai fasta, ga shi kuma tana ba shi damar rage ƙarfin hasken yadda yake so. Ƙyallin da ke kan gilashi ma haka ake yi masa. Inuwa akasin haske ce, ragewa take yi. A Cycles a shimfiɗa faranti a ƙasan abin, a Object Properties ƙarƙashin Visibility a kunna Shadow Catcher, farantin zai ɓace inuwar ta rage a matsayin baƙi shara-shara. Inuwar da aka samu a kan fari kuma a sa ta a yanayin Multiply.

Masu sa bishiyoyi su lura da abu biyu. Ganyen darbejiya ko na mangwaro a irin wannan aiki yawanci hoto ne mai alfa da aka manna a kan ɗan faranti, kuma sai an jona alfan hoton da gurbin Alpha na Principled BSDF, wurin da ake saita kamannin jikin abu a Blender. A EEVEE, ɗaya injin rendan na Blender, kafin fitowa ta 4.2 wannan bai isa ba, sai an sauya Blend Mode daga Opaque zuwa Alpha Clip ko Alpha Hashed, in ba haka ba kowane ganye zai fito cikin baƙin kati. Daga 4.2, wanda ya fito a 2024, wurin ya koma Render Method, kuma Dithered ya fi dacewa da ganye. A Cycles kuma akwai iyakar yawan faranti shara-shara da haske zai ratsa, tana Light Paths, Max Bounces, Transparent, a kan 8 take zuwa. Bishiya mai duhuwa ta wuce haka nesa, shi ya sa tsakiyarta ke cika da baƙaƙen tabo. A ɗaga lambar zuwa 32 ko 64.

Ga 'yan fim magana gajeriya ce. MP4 na yau da kullum, mai H.264, ba ya ɗaukar alfa. A yi amfani da ProRes 4444, kuma a After Effects a tabbatar an zaɓi RGB + Alpha a Output Module. Amma a garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, jerin hotunan PNG ko EXR ya fi kowane fayil ɗin bidiyo aminci. Daƙiƙa 10 a kan hoto 25 kowace daƙiƙa hotuna 250 ne. Idan wuta ta tafi a na 180, a goge na ƙarshe don wataƙila rabinsa aka rubuta, a cire alamar Overwrite a Blender, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Wurin buga takarda ne asarar ke zama ta naira. Tawada ba ta san alfa ba, dole wani ya haɗe komai ya zama shimfiɗa ɗaya kafin injin ya fesa, tambayar kawai ita ce wa zai yi haɗin. PNG ba ya ɗaukar CMYK, wato tsarin launukan tawada huɗu na injin bugu, don haka tambari mai alfa yana shiga CorelDRAW da launin allo ya zauna a kan bangon da aka zuba da launin tawada. Idan aka fitar da PDF/X-1a, wani nau'in PDF na bugu wanda bai yarda da shara-shara ba, manhaja za ta yanka shafin gunduwa-gunduwa, ta mayar da murabba'in da hoton ya mamaye zuwa fiksel, ta bar sauran a matsayin zanen layi wanda ba fiksel ba. Idan sassan biyu ba su bi hanya ɗaya wajen sauya launi ba, sai wani dusasshen akwati ya bayyana a kewayen tambarin, wanda ba a gani a allo sai a takarda. PDF ya fara ɗaukar shara-shara ne daga fitowa ta 1.4 a 2001, kuma PDF/X-4 yana barinsa da rai har zuwa injin, in dai manhajar injin ta zamani ce. A tambayi mai shago wanne yake karɓa. Ga fleks da fasta, abin da na fi amincewa da shi shi ne mai zane ya haɗe da kansa: a zaɓi bangon da hoton tare, Bitmaps, Convert to Bitmap, a CMYK, a bar rubutu a sama a matsayin zane. Fleks babba da ake kallo daga nesa ɗigo 100 zuwa 150 a inci ya wadatar a girmansa na ainihi, takardar hannu kuma 300. Siraran fararen layukan da ake gani a PDF da aka haɗe kuwa yawanci na allo ne. A zuƙo, idan suka ɓace ko suka sauya wuri ba za su fito a takarda ba.

Bugun riga na DTF, inda ake buga zane a kan leda a manna shi a yadi, shi ne mafi rashin yafiya. Injin yana shimfiɗa farar tawada a bayan duk inda ya ga fiksel, domin launi ya fito a kan yadi mai duhu. Gefe mai laushi, inuwa da hayaƙi, waɗanda suka yi kyau a allo, a baƙar riga suna komawa farin hazo, ko kuma su ƙi kamawa don tawadar ta yi kaɗan ba ta riƙe garin manni ba. Fiksel ɗin da magogi ya bari da alfa 2 ko 3, waɗanda ido ba ya gani, suna iya fitowa fararen ɗigo. Kafin a miƙa, a sa wa leyar Stroke ja mai kaurin fiksel 5 na ɗan lokaci, duk dattin da ya ɓuya zai fito da jan zobe a goge shi. Sannan a je Layer, Layer Mask, From Transparency, alfa zai koma marufin da ake iya taɓawa, a matse shi da Levels har ruwan tokan gefe ya kusa ƙarewa, a ja shi ciki da fiksel 1 ko 2. A ɗigo 300 a inci fiksel ɗaya bai kai kashi ɗaya bisa goma na milimita ba, ba zai rage wa zanen komai ba. Abin da dole sai ya dushe a hankali, kamar hayaƙi, a mayar da shi ƙananan ɗigo cikakku da halftone.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙon masu koyar da wannan sana'a, a manyan makarantu irin su Kadpoly da ABU Zariya da kuma shagunan da yara ke koyon aiki, shi ne su mayar da gwaji al'ada kafin fayil ya bar hannun ɗalibi. A sa leyoyi uku a ƙarƙashin hoton, baƙa da fara da ruwan hoda mai ƙarfi, a kunna su ɗaya bayan ɗaya a zuƙo zuwa kashi 300 cikin ɗari. Baƙar tana tona zobe mai haske, farar tana tona mai duhu, ruwan hodar kuma tana nuna ramukan da ke tsakiyar abu inda alfa ya tsaya a 240 maimakon 255, abin da ke faruwa idan an rage Opacity ba a sani ba ko an yi shafa da magogi mai laushi. A kuma kalli alfan shi kaɗai a baƙi da fari. Idan za a miƙa wa wani ya ci gaba da aikin, a rubuta a sunan fayil ko tsantsa ne ko ninkakke, da bit nawa ne, a haɗa da ƙaramin JPEG da ke nuna yadda ake so hoton ya kasance bayan haɗi. Masu shagon buga su ma su riƙa buga ɗan yanki na inci 10 daga wurin da tambari ya hau kan launi, mai aiki ya duba ya amince, kafin a saki fleks mai ƙafa 20.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarku,
daga Tudun Wada, Kaduna.